Farfaɗo da daji da rigakafin gobara a jihar Difa: aikin da kalmominsa

1. Gabatarwa

Tun daga farin 1973 da na 1984 hukumomin Nijar suke zuba dukiya da ƙarfi wajen mayar da itace da ciyawa inda suka ɓace. A jihar Difa wannan aiki ya ɗauki siffa uku: kafe tuddan rairayi masu tafiya, renon itatuwan da ke tohowa da kansu, da share filin da zai tsayar da gobarar daji. Dukkansu ana yin su bisa tsarin da takardun hukuma ke kira haɗin gwiwa, watau gwamnati da masu tallafa mata su kawo kuɗi da dabara, mutanen karkara su kawo hannu, su kuma ɗauki nauyin tsaron wurin bayan ma'aikata sun tashi.

Takardun nan da Faransanci ake rubuta su. Amma ranar da jami'in gandun daji ya tara manoma Mangawa, da Fulani masu shanu, da Tubawa masu raƙuma a bakin rijiya guda, sau da yawa Hausa ce ke haɗa su, ko da yake ba ita ce harshen gidan yawancinsu ba. Abin da mutane suka amince da shi a wannan zama shi ne abin da kunnensu ya ji, ko da ya saɓa wa abin da ke rubuce. Saboda haka wannan maƙala za ta bayyana aikin kansa tukuna, sa'an nan ta duba waɗansu kalmomi da ya kamata masu tsara littattafan yaƙi da jahilci su auna kafin su sa su a takarda.

2. Ƙasar da itatuwanta

Jihar Difa tana can ƙarshen gabashin Nijar, ta yi iyaka da Najeriya ta kudu, da Chadi ta gabas. Ƙidayar 2012 ta sami mutane kusan 600,000 a cikinta, mafi yawansu a wani siririn yanki na kudu. Ruwan saman da ke sauka a garin Difa bai cika wuce milimita 300 a shekara ba, kuma yana ƙara raguwa in aka nufi Ngigmi da Ngurti. Ga mai nazarin daji, ana iya kasa kudancin jihar gida huɗu.

Na farko shi ne kwarin Komadugu Yobe. Kalmar «komadugu» ita kanta a harshen Kanuri kogi take nufi, don haka mai cewa «kogin Komadugu» maimaitawa yake yi. Ruwan yana fitowa daga kogunan Haɗeja da Jama'are, ya raba Nijar da Najeriya na tsawon kilomita kamar 150, ya faɗa tafkin Chadi kusa da Boso. A gaɓarsa ake samun daji mai duhu: bagaruwa, kanya, tsamiya, magarya, da kurmin goriba. Nan ne Kanurin Mobar suke noman shinkafa da jan tattasai, wanda ya daɗe yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin jihar.

Na biyu shi ne filin Kadzel da ke arewa da kogin, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta kiwo. Na uku ƙasar Manga ce, wajen Maine Sorowa da Gudumariya, inda tuddan rairayi suka kewaye ɗaruruwan kwaruruka. Kowane kwari yana da zoben goriba a gefensa, da dabino da lambuna a ciki, wani kuma da kanwa ko gishiri a tsakiya. Na huɗu shi ne gadon tafkin Chadi, wanda ruwa ke janyewa daga gare shi ya kuma dawo.

Abin lura shi ne, in ban da gaɓar kogi da gadon tafki, abin da ake kira daji a nan ciyawa ce mai shekara guda, irin su ƙarangiya, da itatuwa jefi-jefi: aduwa, kandili, dakwara, tumfafiya, kalimbo. Wanda ya zo da hoton kurmin kudu a ransa zai yi kuskuren fahimtar aikin gaba ɗaya, domin a Difa ciyawa ita ce rabin dajin.

3. Abin da ya ci dajin

Fari ne ya fara. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita kamar 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ƙanƙance ƙwarai bayan 1973, har ɓangarensa na arewa, inda rabon Nijar yake, ya riƙa ƙafewa ƙaf a waɗansu shekarun 1980. A ƙasar Manga ciyawa ta mutu, iska ta tayar da tuddan da saiwoyi suka daɗe suna riƙe da su, rairayi ya fara zubowa cikin kwaruruka yana binne dabino, da rijiyoyi, da hanyar mota. A can sama kuma, cikin Najeriya, an gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, abin da ya sauya yawan ruwan da ke isowa kwarin da lokacin isowarsa. Itatuwan gaɓa da ambaliya suke rayuwa. In ta gajarta sukan bushe a tsaye, in ta wuce kima, kamar a 2019 da 2022, gonaki da gidaje ne ke tafiya.

Sai kuma yaƙi. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 mayaƙan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka kwashe mutanen tsibiran tafki a watan Mayu na shekarar, aka hana hawan babur, aka dakatar da cinikin kifi da na tattasai na wani lokaci. Mutane wajen 250,000, ƴan gudun hijira daga Najeriya da ƴan ƙasa da suka bar garuruwansu, suka taru a gefen babbar hanya mai lamba ɗaya, da sansanin Sayam Foraj, da kewayen garin Difa. Kowane gida yana bukatar itacen girki da na kafa rumfa, kuma ga wanda ya rasa gona da koma, sayar da itace ita ce sana'ar da ba ta neman jari. Makiyaya ma da aka tare wa hanyar tafki da ta kogi suka cunkushe da dabbobinsu a ƴan wuraren da suka rage. Daga 2016 hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta raba tukwanen gas ga dubban gidaje don rage saran itace. Dabarar ta taimaka, amma tana tsayawa ne a kan iyalin su iya sayen gas in tukunya ta ƙare.

4. Daga tsaron daji zuwa haɗin gwiwa

A zamanin mulkin mallaka an yi dokar daji da ta shafi Nijar, ta 4 ga Yuli 1935, wadda ta ware dazuzzukan hukuma ta kuma hana saran waɗansu itatuwa. Dokar 4 ga Maris 1974 ta bi sawunta. A ƙarƙashin wannan tsari manomi yana iya biyan tara don ya sare reshen gawon da ke tsakiyar gonarsa. Sakamakon ba ɓoyayye ba ne: manomi ya koyi tumɓuke itace tun yana tsiro, kafin ya girma ya jawo masa jami'i.

Sauyi ya faro daga babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi cikin Mayu 1984, zamanin Seyni Kunce, inda aka amince cewa ba za a ci nasara ba sai da hannun talakawa. Dokoki suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Ta 21 ga Agusta 1992 ta ba ƙauyuka damar kafa kasuwannin itace na karkara su ci wani kaso na harajin. Kundin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993 ya kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda daga baya suka sauka har matakin gunduma, da ƙaramar hukuma, da ƙauye. Dokar daji ta 8 ga Yuni 2004 ta yarda cewa daji yana iya zama na gwamnati, ko na ƙaramar hukuma, ko na mutum, kuma ana iya danƙa kula da shi ga jama'ar wurin bisa yarjejeniya. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar da cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. A Yuli 2020 wani ƙudurin gwamnati ya tabbatar wa manomi moriyar itatuwan da ya rena a gonarsa. Majalisun ƙananan hukumomi da aka fara zaɓa a 2004 an rushe su a 2024, aka naɗa masu riƙo, amma dokokin ƙasa da na daji da aka ambata suna nan.

A waje kuma, Nijar tana cikin ƙasashe goma sha ɗaya da suka kafa hukumar Babbar Koriyar Ganuwa a Njamena cikin Yuni 2010, kuma zirin ganuwar ya ratsa jihar Difa. A 2015 ƙasar ta yi alkawarin farfaɗo da hekta miliyan 3.2 kafin 2030.

5. Yadda ake farfaɗo da ƙasa

5.1. Kafe rairayi. Aikin mataki biyu ne. Da rani ake saro rassan kalimbo ko na goriba, a kafa su jere kamar danga, a gicciye ga iskar da ta fi kaɗawa, sa'an nan a ratsa da waɗansu jeri har tudun ya zama gida-gida kamar dara. Dangar tana rage ƙarfin iska, rairayi ya kwanta. Da damina kuma a dasa itatuwa cikin gidajen, a watsa irin ciyawa. Danga ba ta wuce ƴan shekaru take ruɓewa, don haka in itace da ciyawa ba su kama kafin nan ba, aikin ya tashi a banza. Shi ya sa ake hana dabbobi shiga na shekara biyu ko uku, a sa mai gadi. Ƙungiyar Karkara, wadda aka kafa a 1992, ta daɗe tana wannan aiki a Maine Sorowa, kuma daga wajen 2010 gwamnati ta gudanar da shirin PLECO na kare kwarurukan Gure da Maine Sorowa daga rairayi. Akwai haɗari guda da ma'aikata suka sani: in aka yi wa kalimbo saran ƙare-dangi a wuri ɗaya don a kafe wani tudu, an buɗe sabon tudu ke nan.

5.2. Renon toho. Wannan dabara daga ƙasar Maraɗi ta bazu, tun wajen 1983. Maimakon a dasa sabon itace, manomi yana barin kututturen da ke tohowa a gonarsa, ya zaɓi rassa ƙarfafa kaɗan, ya sassabe sauran. Saiwar da ta riga ta nutse cikin ƙasa ba ta bukatar ban ruwa. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa a kudancin Nijar. A kwarin Komadugu goriba ce ta fi dacewa da ita, domin kabar da ake yanka kullum don tabarma da igiya, in aka ƙyale ƴan tushe suka miƙe, za su zama bishiya.

5.3. Darasin furosofis. Wannan itace mai ƙaya daga nahiyar Amurka aka kawo shi, kuma masana sun daɗe suna lissafa shi cikin dangin ƙirya. An dasa shi wajen Ngigmi a shekarun 1970 don kafe rairayi. Dabbobi suka ci ƴaƴansa suka baza irin cikin kashinsu a gadon tafkin da ya ƙafe, har a farkon shekarun 2000 aka ƙiyasta ya rufe hekta kamar 300,000. Ya ba da itacen wuta da gawayi mai yawa, amma ya toshe gonakin gadon tafki da hanyoyin jiragen masunta. Wanda ya ƙirga itatuwa zai ce an yi nasara, manomin da ya rasa gonarsa zai faɗi wani abu dabam. Tun daga nan tambayar «wane itace, don amfanin wa?» ta zama wajibi kafin a dasa.

6. Gobarar daji

Shekarar da damina ta yi kyau ita ce shekarar gobara. In an yi fari babu abin da wuta za ta ci. In ruwa ya wadata, ciyawa takan haɗe ta zama shimfiɗa guda, ta bushe cikin Oktoba, sai iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas. Daga nan garwashin shayi da matafiyi bai binne ba, ko guntun taba, ko wutar mai share gona, ko ta mai ɗibar zuma, ya isa. Haka kuma wurin da aka kafe aka hana kiwo shekara uku shi ne ya fi ko'ina tara busasshiyar ciyawa. Nasarar aikin farko ita ke haifar da haɗarin na biyu, don haka ba a raba su.

Ana iya auna hasarar da lissafin da ma'aikatar kiwo ke amfani da shi. Saniya mai nauyin kilo 250 tana bukatar busasshiyar ciyawa kilo 6.25 a yini. Cikin kwana 270 na rani, tan 1.7 ke nan. A ɗauka, alal misali, hekta guda ta ba da tan ɗaya, kuma kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke shiga bakin dabba, saura iska da gara da tattakewa su ci. To, gobarar da ta cinye hekta 1,000 ta ƙone abincin shanu kusan 200 na rani sukutum. Makiyayi ba ya da rumbun da ya wuce wannan ciyawa. Bayan haka wuta tana kashe ƙananan itatuwa, ta bar ƙasa tsirara gaban iska har wata takwas.

A nan ya kamata a bambanta Difa da waɗansu wurare. A Amurka, majalisar dokoki ta kafa wani shiri a 2009 na farfaɗo da dazuzzukan gwamnati ta hanyar haɗin gwiwa. Sharaɗinsa shi ne yankin ya kai hekta kamar 20,000, a tsara aikin na shekara goma, kuma hukuma, da masu sana'ar katako, da masu kare muhalli, da mutanen wurin su zauna tare su tsara shi. Matsalarsu ita ce an shekara kusan ɗari ana kashe kowace wuta, har itace ya cunkushe; maganinsu shi ne rage itatuwa da sa wuta da gangan a lokacin da aka zaɓa. A kudancin Mali da Burkina Faso ma ana sa wutar farkon rani, domin ciyawa mai daɗewa irin gamba takan sake toho bayan wuta. Ciyawar Difa kuwa mai shekara guda ce, in ta ƙone sai wata damina. Abin da za a ara daga Amurka shi ne zaman tare da tsawon wa'adi. Sa wuta da gangan bai dace da makiyayar Difa ba.

Dabarar da ake bi ita ce share wani dogon ziri a cikin makiyaya, mai faɗin mita 15 zuwa 20, a gicciye ga iskar hunturu, a kwashe ciyawarsa ƙaf har ƙasa ta bayyana. Wuta in ta iso ba ta samun abin ci, sai ta mutu ko ta rage ƙarfi har masu kashewa su cim mata da ɗanyun rassa. Ana yin layuka da yawa, waɗansu su ratsa waɗansu, don in wuta ta tashi ta tsaya cikin gida ɗaya. Zirin kilomita guda mai faɗin mita 20 hekta biyu ke nan, kuma ciyawar da aka kwashe ana iya ɗaure ta a ajiye don bazara. Gwamnati da ƙungiyoyi sukan biya ma'aikatan da kuɗi bisa tsawon da suka share, abin da ke zama tallafi ga gidaje marasa ƙarfi. Sharuɗɗa biyu ne ke sa aikin ya yi amfani. Na ɗaya, a gama shi da zarar ciyawa ta fara bushewa. Zirin da kuɗinsa ya iso cikin Janairu ya riga ya makara. Na biyu, a sake share shi kowace shekara, domin damina guda ta isa ta shafe shi.

7. Kalmomi huɗu

7.1. «Daji» da «gandun daji». Kalmar Faransanci «forêt» a dokar 2004 ta ƙunshi filin da ke da itatuwa da ƙananan tsirrai waɗanda ba na noma ba. «Daji» a Hausa ya fi haka faɗi: duk abin da ba gari ba ne, ba gona ba, kamar «karaga» a Kanuri da «ladde» a Fulfulde. A kunnen mai saurare daji wuri ne da kowa ke shiga. «Gandu» kuwa asalinsa babbar gonar maigida ce ko ta sarki, wadda na ƙasa da shi ke nomawa amfanin ya tafi rumbunsa. In aka kira tudun da ƙauye ya kafe «gandun daji», an shaida wa mutane cewa wurin na hukuma ne, su ƴan aiki ne kawai. Ya fi kyau a bar wannan suna ga dazuzzukan gwamnati, a kira sauran da sunan mai su: dajin gari kaza, makiyayar rijiya kaza.

7.2. «Hani». Abin da takarda ke kira «mise en défens» hutu ne na ƴan shekaru da ake ba ƙasa. In aka fassara shi da «an hana shiga» kawai, makiyayi zai ji an ƙwace masa makiyaya har abada, kuma mai jin an ƙwace masa wuri ba ya gudu ya kashe wutar da ta kama shi. Manoma suna da kalmar «saura», gonar da aka bari ta huta za a kuma dawo mata. «Hutun makiyaya na shekara uku» ya fi kusa da manufar, muddin aka faɗi ranar buɗewa da wanda zai yanki ciyawar kafin nan. Haka nan kundin 1993 ya ba makiyaya fifikon amfani a yankin da suka saba zama, bai ba su mallaka ba, bai kuma ba su ikon korar baƙo ba. «Fifiko» da «mallaka» dole littafi ya raba su da misali, domin a kan wannan bambanci ake faɗa a bakin rijiya.

7.3. «Gayya». Sau da yawa ana fassara «participation» da «aikin gayya». Amma gayya tana da ƙa'idarta: akwai mai gayya, gonarsa ake nomawa, shi ke ciyar da mutane, kuma ana sa ran zai rama. Aikin da ake biya da kuɗi bisa awo ƙodago ne, mutane kuma sun san haka, shi ya sa suke ce masa «aikin poroje». In littafi ya kira ƙodago gayya, ranar da kuɗi suka ƙare ba wanda zai fito, kuma ba za a ce sun saɓa alkawari ba. Gaskiyar magana ita ce aiki biyu ne: sharar farko ƙodago ce da hukuma ke biya, sharar kowace shekara da tsaro kuwa nauyin masu cin moriyar ciyawar ne. Kowanne a kira shi da sunansa. Misalin suna mai kyau shi ne «sassaben zamani», yadda aka kira renon toho a ƙasar Maraɗi: an ɗauki aikin da manomi ya riga ya sani, aka nuna masa cewa hannunsa ne zai sauya.

7.4. Sunan zirin. Faransanci na cewa «pare-feu». «Shingen wuta» ba zai yi ba, domin shinge da ƙaya ake yin sa, ƙaya kuwa abincin wuta ce. «Hanyar wuta» tana iya nufin inda wuta ke bi. «Hanyar kare wuta» tana da matsala a rubuce: ƙa'idar rubutun Hausa ba ta nuna tsawon wasali da karin sauti, don haka sabon mai karatu yana ganin «kare» ɗaya da sunan dabba, ga kuma «ƙare» da ƙugiya kawai ta raba su, ban da haka, «kare wuta» na iya nufin tsare ta kada ta mutu. Shawarar da za a iya gwadawa ita ce «madatsar wuta». Tsarin ma-…-a na sunan wuri sananne ne, kamar a «mahauta» da «majema», kuma mutanen kwarin sun riga sun san madatsar ruwa. Sai dai ba a zaunar da kalma daga ofis. A kai ta azuzuwan manya a Difa, da Maine Sorowa, da Ngigmi, a nuna hoton zirin, a ji abin da masu sharar da kansu suke ce masa; in suna da suna, nasu ya riga.

8. Abin da ya rage ga masu tsara karatu

Dokar 31 ga Disamba 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma, shida daga cikinsu ana jin su a jihar Difa: Kanuri, Fulfulde, Tubanci, Larabci, Buduma da Hausa. Kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ɗaga Hausa ya zama harshen ƙasa. Wannan matsayi ƙarin nauyi ne a wuri irin Difa, domin kuskuren da aka yi a Hausa shi tafinta zai kwashe ya zuba cikin sauran harsuna. Littafin Hausa ya kamata ya fito tare da na Kanuri da na Fulfulde aƙalla, kuma a tsara kalmomin tare da malaman Jami'ar Difa, wadda aka kafa a 2014 ta kuma ba da ƙarfi ga ilimin noma da muhalli.

Kowane ɗan littafi kan wannan batu ya amsa tambayoyi huɗu da kalmomin da ba su da harshen damo: wurin na wane ne, wa zai yanki ciyawa da itacen, wane aiki ake biya wane ne ba a biya, kuma yaushe hutun zai ƙare. A sa masa darasin lissafi na awon ziri da na abincin saniya, da samfurin yarjejeniya mai shafi ɗaya wadda manomi da makiyayi za su iya karantawa su sa hannu gaban kwamitin ƙasa. Tun da azuzuwan manya da rani aka saba buɗe su, darasin gobara ya zo a ƙarshen zango, a kuma maimaita shi ta gidajen rediyon karkara cikin Satumba, kafin ciyawa ta bushe.